Daga Bakin Yaron Halab Zuwa Dala Biliyan Ɗaya: Wai Shin Aladdin Labarin Wane Ne?

A SHEKARAR 2019 kamfanin Disney na Amurka ya saki fim ɗin Aladdin, wanda jarumi Will Smith ya fito a matsayin aljanin fitila. Kafin a sauke shi daga gidajen sinima na duniya sai da ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Wannan kuwa maimaici ne, domin tun a 1992 kamfanin ya yi shi da zanen kartun, ya kashe kimanin dala miliyan 28, ya kwashi sama da miliyan 500. Wato labari ɗaya, an sayar da shi sau biyu, kuma kowane karo kasuwa ta yi kyau.

Idan aka tambayi masu kallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi daga ina labarin ya fito, amsar guda ce: ai daga Dare Dubu da Ɗaya ne, littafin nan na Larabawa da ake kira Alfu Laila wa Laila. To amma fa akwai ƙura a wannan amsa. Masu bincike sun daɗe da gano cewa babu Aladdin a cikin tsofaffin kwafe na Larabci na littafin. Haka kuma babu Ali Baba da ɓarayi arba'in. Labaran nan biyu, waɗanda suka fi kowanne suna a duniya, baƙi ne a gidan. Wani saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ne ya ba da su da baki a birnin Faris, kuma sai da aka yi ɗaruruwan shekaru kafin duniya ta damu da sanin sunansa.

Wannan labari ya shafi 'yan fim ɗin Hausa kai-tsaye, domin babu zargin da ya fi bin su kamar na wankiya.

Dattijon da labari ya ƙare wa

Wani malami Bafaranshe mai suna Antoine Galland, wanda ya iya Larabci da Turkanci da Farisanci, shi ne ya fara kai Alfu Laila Turai. Ya samu wani kwafi da aka rubuta da hannu a ƙasar Sham tun wajen ƙarni na 15, mai juzu'i uku, ya shiga fassara shi zuwa Faransanci. Juzu'in farko ya fito a 1704, kuma nan da nan mutanen fadar Faransa suka rungume shi. Matsalar ita ce, duk da sunan littafin yana cewa dare dubu da ɗaya, kwafin da ke hannun Galland ya tsaya ne a wajen dare na 282. Ya haɗa da labarin Sindbad, wanda asalinsa a wani kundi dabam yake, amma duk da haka bayan juzu'i na bakwai sai rumbu ya ƙare.

Masu karatu kuwa ba su ƙoshi ba. Duk wanda ya san yadda 'yan kasuwa a da suke matsa wa furodusa ya kawo kashi na biyu da na uku idan kaset ya yi kasuwa, zai gane halin da dattijon ya shiga. Har ta kai mai buga littafin ya ɗauko labaran da wani mutum dabam ya fassara, ya cusa su a juzu'i na takwas ba tare da ya tambayi Galland ba. Wannan abu ya ɓata masa rai ƙwarai.

Ana cikin haka, a watan Maris na 1709, sai ya haɗu da wani saurayi a gidan wani matafiyi mai suna Paul Lucas. Sunan saurayin Hanna Diyab, Kirista ne ɗan ɗariƙar Maroniyawa daga birnin Halab na ƙasar Siriya. Lucas, wanda aikinsa shi ne yawo a ƙasashen Gabas yana sayo wa Sarkin Faransa kayan tarihi, ya ɗauko shi ne a matsayin yaro kuma tafinta, bisa alkawarin zai samar masa aiki a ɗakin karatu na sarki. Sun biyo ta Kubrus da Masar da Libiya da Tunisiya kafin su tsallaka Turai.

Da Galland ya ji cewa yaron ya iya ba da labari, sai ya maƙale masa. A cikin watan Mayu zuwa farkon Yuni na wannan shekara, Hanna ya ba shi labarai goma sha wani abu, dattijo yana taƙaita su a littafinsa na ajiye bayanan yau da kullum. A cikinsu akwai Aladdin, da Ali Baba, da Yarima Ahmad da aljana Pari Banu, da labarin 'yan'uwa mata biyu da ke hassadar ƙanwarsu. Da waɗannan ne Galland ya cike gurbi har littafin ya kai juzu'i goma sha biyu. Aladdin ya fito a 1712. Ali Baba bai fito ba sai 1717, shekara biyu bayan mutuwar Galland.

A duk juzu'an nan babu inda aka buga sunan Hanna. Aikin da Lucas ya yi masa alkawari ma bai samu ba. Ya tattara nasa ya nasa ya koma Halab a 1710, ya kama sana'ar sayar da yadi, ya yi aure, ya ci gaba da rayuwarsa kamar kowa.

Yadda asiri ya tonu

Abin da ya ƙara rikita zancen shi ne, daga baya an ga wasu kwafe na Larabci na labarin Aladdin a ɗakunan karatu na Turai, mutane suka ce to ga asalin nan an samo. Sai da wani malami ɗan Iraƙi mai suna Muhsin Mahdi, wanda ya fitar da gyararren bugun tsohon kwafin Sham a 1984, ya bi diddiginsu, ya nuna cewa ba asali ba ne. Wasu Larabawa mazauna Faris ne suka ɗauki Faransancin Galland suka mayar da shi Larabci, suka ce tsohon kundi ne. Wankiya kenan a kan wankiya.

Shi kuwa Hanna, ashe da ya tsufa, a 1763, ya zauna ya rubuta labarin tafiyarsa. Kundin ya ƙare a ɗakin karatu na Fadar Paparoma, yana can ajiye shekara da shekaru. Sai a 2015 aka buga shi da Faransanci, sannan da Ingilishi a 2021. A ciki ya ambaci wani dattijo da ke fassara Alfu Laila, wanda wasu darare suka yi masa giɓi, shi kuma ya ba shi labaran da ya sani ya cike. A gurguje ya wuce zancen, kamar wanda ya taimaki maƙwabci da aron tsani. Bai san cewa a lokacin labaransa sun riga sun zaga Turai ba.

Abin da ya fi jan hankalin manazarta a littafin nasa shi ne yadda rayuwarsa ta yi kama da ta Aladdin. Maraya ne shi ma, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Wani baƙo mai neman kayan da ke binne a ƙasa ya ja shi da alkawuran arziki. An kai shi fadar Versailles gaban Sarki Louis na 14 yana riƙe da keji mai ɗauke da wasu ɓerayen hamada da suka kawo wa sarki tsaraba, ya ga 'ya'yan sarauta cikin lu'ulu'u da zinare. A wannan hunturun ne kuma aka yi wani mugun sanyi da yunwa a Faransa, ya ga talakawa suna mutuwa a titi. Wasu masana na ganin cewa fadar nan ta Aladdin mai tagogi ashirin da huɗu da aka yi wa ado da duwatsu masu daraja, da talaucin gidan uwarsa, duk daga abin da idon yaron ya gani ne. Ko ya ƙago labarin ne gaba ɗaya, ko kuwa ya ji shi a shagunan shan gahawa na Halab ya ƙara masa gishiri, shi ne bakin farko da tarihi ya tabbatar.

Aladdin na asali ba shi ne na Disney ba

Wanda ya san Aladdin ta fim kawai zai sha mamaki idan ya karanta na littafi. Da farko dai, a wani birni na ƙasar Sin aka ce abin ya faru, ko da yake sunayen mutanen da al'adunsu duk na Musulmin Gabas ta Tsakiya ne. Aladdin ba ɗan titi ba ne marar kowa. Ɗan tela ne, malalaci, wanda baƙin cikinsa ya kashe ubansa, uwarsa kuma tana nan da ranta tana kaɗin auduga don su ci abinci. Ita ce ma ta goge fitilar da niyyar a sayar, aljani ya fito, ta faɗi sumammiya. Ita ce kuma ta dinga zarya fada da kyautar duwatsu tana nemar masa auren 'yar sarki, Badrul-Budur.

Mugun ba waziri ba ne. Wani matsafi ne da ya taso daga Magrib, wato Afirka ta Arewa, ya zo ya ce shi ƙanen uban yaron ne. Aljanu biyu ne, na zobe da na fitila, kuma babu zancen buƙata uku kacal. Duk abin da mai fitila ya nema, sau nawa ya nema, yi ake yi. Babu darduma mai tashi, babu biri. Bayan an gama da matsafin ma labari bai ƙare ba, domin ɗan'uwansa ya biyo sahu, ya kashe wata mata mai ibada da ake kira Fatima, ya sa kayanta ya shiga fada don ɗaukar fansa.

To ina Disney suka samo sauran? Yawanci daga wani fim ɗin Ingila na 1940 mai suna The Thief of Bagdad, na furodusa Alexander Korda. A nan ne ake da mugun waziri Jaffar, da sarki mai son kayan wasan yara, da aljani mai ba da buƙata uku, da darduma mai tashi, da wani yaro ɓarawo mai suna Abu, wanda Sabu ya taka. Shi Sabu ɗan Indiya ne daga yankin Maisur, ɗan mai kula da giwaye. Disney suka ɗauki sunan Abu suka ba biri. Shi kansa fim ɗin na 1940 maimaici ne na wani da Douglas Fairbanks ya yi a 1924 lokacin fim bai fara magana ba. Ya ci lambar Oska uku, kuma yana cikin na farko-farko da suka yi amfani da dabarar nan ta ɗaukar ɗan wasa a gaban shuɗin kyalle sannan a ɗora shi a kan wani hoton, dabarar da har gobe ake cin abinci da ita.

Wanda aka fi zalunta a wannan sauye-sauye shi ne Ja'afaru. Mutum ne na gaske, Ja'afar al-Barmaki, wazirin Halifa Haruna Rashid na Bagadaza, wanda halifan ya sa aka kashe shi a shekarar 803. A cikin Alfu Laila mutumin kirki ne, abokin yawon dare na halifa. 'Yan fim ne suka mayar da shi azzalumi mai sandar maciji, kuma yanzu yaran duniya da wannan fuskar suka san sunan.

Sauyin Disney bai tsaya nan ba. Daraktocin kartun ɗin 1992 sun faɗa cewa da farko a Bagadaza suka shirya labarin, sai yaƙin Tekun Fasha ya ɓarke, suka ƙirƙiro gari mai suna Agrabah. Fuskar Aladdin kuma an gyara ta ta yi kama da ta Tom Cruise don ta burge 'yan matan Amurka. Haka kuma waƙar buɗe fim ɗin ta jawo musu rigima, domin akwai baitin da ya nuna ƙasar Larabawa a matsayin wurin rashin imani. Wata ƙungiyar Larabawan Amurka ta yi ƙorafi, dole aka canza baitin kafin a saki kaset ɗin bidiyo a 1993. Ashe dai ba a Kano kaɗai ake sa furodusa ya koma situdiyo saboda waƙa ba.

Indiyawa ma sun ɗebi rabonsu

Ga tsofaffin 'yan kallo na sinimomin Arewa, ba ta hannun Amurkawa aka fara ganin waɗannan labarai a majigi ba. Ta Bombay suka zo. Darakta Homi Wadia ya yi Aladdin a 1952, ya yi Ali Baba a 1954, sannan ya yi Hatim Tai a 1956. Shi Hatim ɗin nan ma mutum ne na tarihi, Hatimuɗ Ɗa'i, Balaraben da ya rayu kafin zuwan Musulunci, wanda ake buga misali da kyautarsa, kuma ɗansa Adiyyu ya zama Sahabi. Farisawa da Indiyawa ne suka ɗora masa labarin tafiya neman amsar tambayoyi bakwai, da aljanu da dodanni. An sake yin fim ɗin a 1990 da Jeetendra, wanda Babubhai Mistry, gwanin siddabarun kyamara na Indiya, ya ba da umarni.

Wanda ya fi tashe shi ne Alibaba Aur 40 Chor na 1980, haɗin gwiwar Indiya da tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da daraktoci biyu, Umesh Mehra da Latif Faiziyev. Dharmendra ne Ali Baba, ga Hema Malini, ga Zeenat Aman, kiɗa kuma na R.D. Burman. A Sobiyet kaɗai sama da mutum miliyan 50 suka kalle shi. Sai dai Indiyawa sun yi wa labarin irin nasu ɗinkin. A littafi Ali Baba magidanci ne talaka mai saran itace, ba ya faɗa, ba ya rawa. A fim ya zama matashi mai doki da takobi. Marjana, wadda baiwa ce a gidan, ta zama gimbiya da aka ƙwace wa sarauta, don a samu soyayya. Shugaban ɓarayi kuma aka mayar da shi mai mulkin garin da kansa, da rana shugaba, da dare ɗan fashi. Wannan ƙarin na ƙarshe ya fi komai wayo, domin ya ba mai kallo abin da zai tafi gida yana tunani.

Ba kullum ake dacewa ba. Shashi Kapoor ya zuba dukiya a Ajooba a 1991, da Amitabh Bachchan a gaba, fim ɗin ya faɗi a Indiya. A 2009 aka sake gwada Aladin na zamani, Amitabh a matsayin aljani, Sanjay Dutt a matsayin mugu, shi ma bai kai labari ba. Tsohuwar tatsuniya ba laya ba ce da za ta ceci fim idan rubutun bai tsaya ba.

Abin da Abubakar Imam ya gane tun 1937

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fatauci. Malamai sun san Alfu Laila da Larabci tun da daɗewa, kuma tun zamanin Turawan mulki aka mayar da shi Hausa da sunan Dare Dubu da Ɗaya. Amma wanda ya nuna gwaninta ta gaske shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam a Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939.

Da yawa daga masu karanta littafin a makaranta sun tashi da yaƙinin cewa duk labaransa na gargajiyar Hausa ne. Alhali kuwa Rupert East, Baturen da ke kula da ofishin talifi a Zariya, ya tara wa Imam littattafan tatsuniyoyin ƙasashe daban-daban, shi kuma ya zauna ya tace. Shi kansa ginshiƙin littafin, wato aku mai ba da labari don ya hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita, yana da kaka a Indiya. Akwai wani tsohon littafi a can mai labarai saba'in, inda aku yake riƙe wata matar aure da hira kowane dare don kada ta fita wurin wani namiji alhali mijinta ya yi tafiya. Imam ya ajiye akun da dabararsa, ya jefar da zancen kwartanci, ya kawo sarauta da yaƙi da makircin waziri, abin da ya san zai zauna a kunnen Bahaushe.

Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila yake. Sarkin Busa ɗan'uwan mai sarewar nan ne na garin Hamelin a Jamus da ya kwashe ɓeraye sannan ya kwashe yara. Kalala da Kalalatu kuwa, matar da ta cinye kajin baƙo sannan ta haɗa shi gudu da mijinta, tana da 'yar'uwa a tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara a Jamus, sai dai a can kuku ce da maigidanta. Amma wa zai karanta Kalala ya ji ƙanshin Jamus? Babu. Sunaye, gida, abinci, zagi, ba'a, duk sun koma na nan. Shi ya sa da gidan talbijin na NTA Kaduna ya mayar da littafin wasan kwaikwayo, da irin su marigayi Ƙasimu Yero a ciki, babu wanda ya ce an kwaikwayi wasu.

A nan ne bambancin yake tsakanin aro da wankiya. Galland ya ara, Korda ya ara, Disney sun ara, Dharmendra da mutanensa sun ara, Imam ya ara. Kowannensu ya tambayi kansa abin da mutanensa za su gane, ya yanke abin da bai dace ba, ya ƙara nasa. Mai wankiya shi ne wanda zai ajiye fim ɗin Indiya a gabansa yana kwafa fitowa bayan fitowa, har da yadda jaruma ke juya kai, sai ka ga Bahaushiya tana abin da ko a mafarki ba a yi a gidan ubanta. Laifinsa ba ɗaukar labarin wani ba ne. Laifinsa lalaci. Laifin Galland kuma dabam ne: ya yi aikin, amma ya haɗiye sunan wanda ya ba shi. Wannan ma ciwo ne da marubutan finafinan Hausa suka sani sarai, domin sau nawa ake ganin sunan jarumi da na furodusa da manyan baƙaƙe a fosta, na wanda ya ƙirƙiro labarin kuwa sai an sa tabarau?

Me ya hana Gizo shiga kyamara?

Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa finafinai masu dogon zango da ake kallo yau a YouTube da tashoshin tauraron ɗan'adam, an yi dubban finafinan Hausa. Waɗanda aka gina kai-tsaye a kan tatsuniya ba su taka kara sun karya ba. Wanda aka fi tunawa shi ne Daskin-da-Riɗi na kamfanin Sarauniya a ƙarshen shekarun 1990, kuma karɓuwar da ya samu ta isa ta zama ishara. Amma aka koma soyayyar mutum uku da rikicin kishiyoyi. Gizo da Ƙoƙi, da Botorami, da Dodo, da Ta-Kitse, suna nan zaune a littattafai irin wanda Frank Edgar ya tattara juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya.

A halin da ake ciki wasu na ta cin kasuwar. Wani Bafaranshe, Michel Ocelot, ya ɗauki salon tatsuniyoyin Afirka ta Yamma ya yi kartun ɗin Kirikou a 1998, da kiɗan Youssou N'Dour, yara har a ƙasar Hausa suka haddace shi. Kunle Afolayan ya yi Anikulapo a 2022 daga hikayar Yarabawa, Netflix suka ɗauka. 'Yan Sin kuwa sun yi abin da ya girgiza kowa a 2025 da Ne Zha 2, labarin wani hatsabibin yaro daga tsofaffin hikayoyinsu, wanda ya tara sama da dala biliyan biyu.

Hujjar da aka saba ji daga furodusoshi biyu ce. Ta farko kuɗi: wai fim ɗin aljanu da dodanni sai da na'urori masu tsada. Ta biyu tsoro: kada a ce ana tallata tsafi, a samu matsala da malamai ko da Hukumar Tace Finafinai. Ta biyun tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole mai hankali ya yi la'akari da ita, ko da yake ba kowace tatsuniya ce ke da boka ba. Ta farkon kuwa tarihi ya ƙaryata ta. Fim ɗin kartun mai tsawo mafi tsufa da ya rage a duniya shi ne na Yarima Ahmad, wanda wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar a 1926. Da almakashi da baƙin kwali ta yi shi, tana yanka siffofi tana motsa su a kan gilashi mai haske, hoto ɗaya bayan ɗaya, har kusan shekara uku. Yarima Ahmad ɗin da Aladdin da ke cikinsa kuwa, duk daga bakin yaron nan na Halab suka fito.

Kai, a bar ma zancen aljanu. A ɗauki Ali Baba yadda yake a littafi. Abin mamaki guda ɗaya ne tak a cikinsa, wato ƙofar kogo da ke buɗewa idan an ambaci sunan riɗi. Sauran duk halin ɗan'adam ne da kowa ya sani. Wa mai kuɗi, Ƙasimu, da ƙane talaka. Matar wa mai sa ido, wadda ta shafa kitse a gindin mudu don ta ga abin da facalarta za ta auna, sai ga tsabar zinare ta manne. Mai haɗama da ya shiga kogo ya ruɗe da dukiya har ya manta kalmar, yana ta kiran sunayen wasu hatsi. Tsohon baduku da aka rufe wa ido aka kai shi ya ɗinke gawa. Baƙon da ya ƙi cin gishirin maigida saboda ya zo da niyyar kashe shi. Sannan ga Marjana, wadda ita ce jarumar gaskiya: ita ta ga alamar alli a ƙofa ta bi ƙofofin maƙwabta ta zana irinta, ita ta gano mutane a cikin tulunan mai, ita ta yi rawa da wuƙa a gaban baƙo ta gama da shi. Duk jarumar da ke kukan ba a ba mata rawar kirki sai kuka da kishi, ga rawa nan tana jira. Masu cewa fim ba ya sayuwa sai da rawa da waƙa, ga rawar da labari ne da kansa ya kawo ta, ba cusa ta aka yi ba.

Kayan aikin ma a lissafe suke a littafin: alfadarai 19, tuluna 38, ɗaya cike da mai, sauran 37 kowanne da ɓarawo a ciki. Duwatsu masu kogo suna nan a Birnin Kudu da Kwatarkwashi. Idan alfadari ya yi wuya, jakuna ba su ƙare ba, manyan randuna kuwa sai dai a yi ciniki da masu ginin tukwane.